Sanyi ya zo Elmina, amane bai zo ba

Duk wadda ta gaji fataucin kifi banda tsakanin bakin tekun Elmina da Kumasi a ƙasar Gana ta san lissafin. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na can ƙasan teku yakan taso sama, ya ɗauko abincin ƙananan halittun ruwa, su kuma su jawo amane, wato ƙaramin kifin tekun da muke fatauci, kusa da gaɓa. Iskar damina da igiyar ruwan Gini mai gudu daga yamma zuwa gabas duk suna da hannu a ciki. Da wannan lissafi mahaifiyata ta ciyar da mu har ta aurar da mu.

A 2019 gwamnatin Gana ta hana masu kwalekwale fita kamun kifi daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, karo na farko. Kowa ya ce kifi ya huta, bana sai wanda ya rasa kwando. Na haɗa jarina da kuɗin adashina na bai wa wani mai kwalekwale da matar da ke mini banda kafin alƙalami, don kada wasu su riga ni.

Sanyin ya zo daidai lokacinsa, wannan ne har yau yake ci mini rai. Cikin Agusta idan ka tsoma ƙafa a ruwan sai ka janye. Amma masunta su kwana a teku, su dawo da abin da bai biya kuɗin mai ba. Duk da haka aka cika mini kwandunana, aka ɗaure, na yi hamdala na hau mota.

Sai a Kumasi, gaban masu sari daga Tamale, na kwance. 'Yan mitsi-mitsi ne, wasu ba su wuce tsawon yatsa ba, iri daban-daban a cakuɗe, kana taɓawa suna marmashewa. Kifin saiko ne. Manyan jirage masu jan koma, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasan teku ne, su ke kwashe 'ya'yan amane, su daskarar da su cikin ƙanƙara fale-fale kamar bulo, su sayar wa wasu kwalekwale a tsakiyar teku. Doka ta hana, amma a lokacin a fili ake sauke shi a Elmina. Shi aka narkar aka yi mini banda. Masu sari suka ce, "Hajiya, wannan ba zai kai Arewa ba." Da ƙyar na tsira da rabin kuɗina.

Matar ban riƙe ta a zuci ba, bashina ke wuyanta, abin da ta samu ta kawo. Fushina yana kan masu kwashe kifin da bai kai ga yin ƙwai ba. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta saikon 2017 kaɗai a kan tan 100,000. Amanen da ake kamawa kuwa ya faɗo daga sama da tan 130,000 a 1996 zuwa ƙasa da 30,000 a 2016. To hutun wata ɗaya me zai gyara? Balle ma watan Agusta masana suka so a hana kamun, lokacin da kifin ya fi zuba ƙwai, masunta suka ƙi a 2018. Sai a 2021 aka mai da hutun Yuli, shekarar da Tarayyar Turai ta sake ba Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba.

'Yar'uwa, kada sanyin ruwa ya sa ki saki kuɗi. Yanzu ni ba na ba da ko sisi sai na tsaya a bakin ruwa na ga kifin ɗanye, na bi shi har kan murhu. Kwando kuwa a gabana ake juye shi, in ga na ƙasa kafin a ɗaure. Idan girman bai zo ɗaya ba, ko cikin ya fashe, na bar musu kayansu, ko da zan koma Kumasi da rabin lodi.