Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Alwala a Bakin Tafkin Oku

A makon jiya na tsaya inda Baba ya cire ni daga shagonsa na Kumbo, ya damƙa ni hannun Kawu, yayan Inna, don in koyi fatauci. To, fitata ta farko da Kawu ita ce zuwa Oku sayen zuma, a watan Afrilu na 1987, saura kamar mako biyu a kama azumi. Shekarata goma sha shida.

Sai da aka kai ruwa rana kafin Inna ta yarda. Wanda bai zauna a wannan yanki na Kamaru a lokacin ba, ba zai gane dalilinta ba. Wata takwas ke nan da abin da ya faru a Niyos, daren 21 ga Agusta 1986, inda tafki ya amayar da iskar da ta gangara kwari ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, da yawa suna cikin barci. Cikin Fulanin da ke kawo mana nono akwai waɗanda suka rasa dangi da garke a dare ɗaya. Kafin nan ma, a 1984, tafkin Monun na wajen Fumbot ya ci mutum 37. Shi ya sa ko sunan tafki aka ambata a tsakar gida, sai ka ga mata sun kama salati.

"Yaya, ga amana nan," in ji Inna. "Zuma za ku saya, ku saya ku juyo. Kada ka kai min yaron nan bakin ruwan nan."

Kawu ya ce, "In Allah ya yarda." Duk wanda ya san Kawu ya san wannan amsa ba ta ɗaure shi da komai ba.

Goro ne ya kawo kakanmu ƙasar Banso. Ya biyo fatake ta Yola da Banyo, ya ga wuri, ya zauna. Ni a Kumbo aka haife ni, ina jin yaren Banso, ina buroka kamar ɗan gari, amma gaskiya har zuwa ranar iyakata da mutanen ƙasar kasuwa. Mu saya, mu biya, mu koma unguwarmu. Abin da na sani game da Oku bai wuce abin da yara ke faɗa ba: wai garin masu magani ne da masassaƙa, kada ka ci abincinsu, kada ka kalli dodonsu.

Wata tsohuwar Landiroba ce ta kwashe mu, mu da jarkoki da buhunan gishiri. Damina ta riga ta sauka, sau uku muna fita muna turi cikin jan taɓo. Da la'asar muka isa Elak, inda fadar Fon take, wato sarkinsu. Muka sauka gidan wani dattijo da kowa ke kira Pa, wanda tun zamanin kakanmu ake ciniki da gidansu. Abin da ya fara ba ni mamaki, muna ajiye kaya matarsa ta kamo kaza ta miƙa wa Kawu da wuƙa, ba tare da kowa ya ce komai ba. Ta san ba za mu ci yankansu ba. Da daddare aka kawo tuwon masara da ganyen njama-njama, na ci har na ji kunya.

A nan na fara ganin zumar Oku a inda take. Fara ce, mai kauri, kamar man shanun da aka kaɗa da safe, tana da ɗan ƙamshin fure, kuma ba ta da wannan zaƙin mai kama maƙogwaro. Pa ya nuna min amyarsa, doguwa, an yi ta da gwangwala an naɗe da ciyawa. Ya ce a ƙasa can cikin kwari, inda ake da ɗumi, suke kafa ta har ƙudan zuma su shiga, sannan mutum ya ɗauke ta a ka, da ƙudajen a ciki, ya hau da ita dajin kan dutse. Furannin itatuwan da ke can sama su ke sa zumar ta yi fari. Amyar da aka bari a ƙasa, ja za ta bayar kamar ta kowa. Shekaru bayan haka, a 2013, na ji an yi wa wannan zuma rajista ta musamman tare da barkonon Penja, don kada wani ya sayar da tasa da sunan Oku. Na yi dariya, don mu mun daɗe da sanin mai algus daga ɗanɗano ɗaya.

Da asuba Pa ya ce zai hau duba amyoyi, in muna son sabuwar ɗiba mu biyo shi. Kawu ya dube ni, ya ce, "Ɗauko butar." Shi ke nan amanar Inna.

Kumbo ma gari ne mai sanyi, amma wannan daban ne. Dutsen Oku, wanda su ke kira Kilum, ya haura mita 3,000, a duk yankin ba abin da ya fi shi sai Dutsen Kamaru. Muna magana hayaƙi na fita daga bakinmu. Itatuwa duk sun yi gemu da gansakuka, ruwa na ɗiga daga ganye ko da ba a ruwan sama. Wasu an ɗaye musu ɓawo tun daga gindi har sama, sun bushe a tsaye. Pa ya tofar da yawu ya ce aikin 'yan kwangila ne, masu kai ɓawon Turai a yi maganin ciwon mafitsara na tsofaffi.

A hanya na tsinci wani gashin tsuntsu ja wur, na soke a hulata ina taƙama. Pa ya juyo ya gani, bai yi faɗa ba, ya sa yatsa biyu ya zare shi ya jefa a jakarsa. Kawu ne ya yi min bayani da Hausa: gashin wani tsuntsu ne da babu irinsa sai a duwatsun nan, kuma Fon kaɗai ke soka wa mutum shi a hula, bayan ya yi abin a zo a gani. "Kamar ka tsinci rawani ne a hanya ka naɗa ka shiga fada," in ji shi.

Rana ta take tsaka muka ɓullo ta kansa. Da farko ban ga komai ba sai hazo. Can iska ta ja hazon gefe, sai ga ruwa a ƙasanmu, shimfiɗe cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, daji ya kewaye shi ruf, sama da mita 2,200 daga doron teku. Ba kwalekwale, ba mai wanki, ba sawun shanu. Ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka da ba kowa a bakinsa ba. Ƙafafuna suka yi sanyi, na dinga shaƙar iska a hankali ina jiran in ji warin da aka ce 'yan Niyos sun ji.

Pa ya rage murya. Ya ce Mawes suke kiransa, ba a wanka a ciki, ba a su, dama babu kifi, kuma mutanen fada kan zo su yi abin da suka gada domin ƙasa ta zauna lafiya. Akwai wasu 'yan ƙananan kwaɗi a ciki, waɗanda daga baya masana suka tabbatar babu su a ko'ina a duniya sai a wannan ruwa.

Da azahar ta yi, na ɗauki buta na nufi gangare. Kawu ya riƙe min hannu. Ya juya ya tambayi Pa da buroka ko za mu iya ɗiba. Pa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dubi ruwan, ya dubi ƙasa, ya shiga gyara lofensa da ba wuta a ciki.

Kawu ya ce, "Kawo goran ruwan shan."

Ni kuwa lokacin ina ji da karatu, na sauke Alƙur'ani ban daɗe ba. Na ce, "Kawu, ruwa fa na Allah ne. In muka ji tsoron wannan, ai mun taya su."

"Ruwa na Allah ne, ban musa ba. Kazar jiya ma ta Allah ce. Wa ya miƙo maka wuƙa?"

Na yi shiru. Ya tsiyaya rabin goran a buta, muka yi alwala wanki ɗaya-ɗaya, ruwan kamar ƙanƙara. Har yau ina ganin ta fuskar hukunci ni ke da gaskiya, ruwan tsarkakakke ne. Amma Kawu ya ga fuskar dattijon, ni ban gani ba.

Sai kuma matsalar alƙibla, don hazo ya dawo ya rufe rana. Muna ta waige-waige, Pa ya taso ya kama kafaɗar Kawu ya juya shi, ya nuna wani tsauni da lofen. Ya ce nan kakanmu yake fuskanta in ya zo. Muka shimfiɗa buhu muka tayar, shi kuma ya koma gefe ya zauna kan gungume, bai kunna tabarsa ba sai da muka yi sallama.

Jarka huɗu muka sauko da su. Tun 2017, da rikicin yankin ya koma na bindiga, ban sake taka wannan hanya ba, kuma Pa da Kawu duk sun riga mu.

Da muka isa gida Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi butar, ta jijjiga, ta dubi baƙar ƙasar daji da ta manne a gindinta, ta ɗaga kai ta dubi yayanta. Abin da ya biyo baya, da yadda jarka biyu suka narke mana a rana a tashar Bamanda har masu saye suka ce ba ta Oku ba ce, sai mako mai zuwa in muna da rai.