Gyambon Kwanciya: Abin Da Na Yi Wa Mahaifiyata

Shekaranjiya na leƙa duba maƙwabcina da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, na tarar da ɗansa yana murza masa ƙugu da man shafawa, hannu ɗaya a jikin uban, ɗaya a waya. Wurin ya fi sauran fatar duhu, ga ɗumi. Gabana ya faɗi, don da haka gyambon kwanciyar mahaifiyata ya fara.

Wata huɗu mahaifiyata ta yi a rigingine. In na zo juya ta sai kuka: "Bar ni haka, ɗan nan." Sai in bar ta, a ganina biyayya nake. Wa zai iya sa uwarsa kuka sau goma a wuni? Ni kaɗai ne, ga aiki, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya ce nauyin jiki na datse jini tsakanin ƙashi da katifa har nama ya mutu daga ciki. To, a gaskiya wata nas ta ce in riƙa juya ta, ni ne na ɗauke shi surutun asibiti. Da tabon ya fito na yi ta murzawa, wai jini ya gudana. Da ya fashe na zuba sifirit, tana cije leɓe. Ranar da wari ya kai mu asibiti, likita ya ɗaga audugar, na ga farin ƙashi da idona.

Na yi niyyar doguwar nasiha, amma ga ta. Juyi duk awa 2, dare da rana, ko ana kuka. Ɗagawa ake yi, ba ja a kan zanin gado ba. Filo ƙarƙashin ƙwauri, diddige kar ya taɓa katifa. Fitsari kar ya jima a jiki. Tabo ba a murza shi, nauyi ake ɗauke masa. In ya buɗe, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a kira ma'aikacin lafiya. Mugunya, wari ko zazzaɓi kuwa, asibiti a ranar.

Na ce dare da rana, amma kar ku kashe kanku, ku yi karɓa-karɓa. Ko da yake ku da kuke raba dare kuna latsa waya, saita ƙararrawar juyi ce za ta gagare ku?

Yaron ya ce, "To, Baba," ko ɗago kai bai yi ba. Ni na sa filon da hannuna.