Erddig, gidan da ake shiga ta ƙofar barori

Daga Chester muka hau jirgin ƙasa zuwa Wrexham da ke arewa maso gabashin yankin Wales, ni da 'yar ƙanwata mai karatun zane-zane. Cikin watan Oktoba ne, iska na kaɗawa da ɗan sanyi. Gidan Erddig bai wuce mil 2 daga garin ba, ta kudu, don haka muka taka da ƙafa har muka shiga gandun da ya kewaye shi, fili mai faɗin eka 1,200 wanda kogin Clywedog ya ratsa.

A galibin tsofaffin gidajen attajiran Birtaniya da aka mayar gidajen tarihi, ta babbar ƙofa ake shigar da baƙo, ya fara cin karo da kujerun alfarma da hotunan masu gida. A Erddig ta baya ake bi da mutum. Sai ka ratsa shagon kafinta, da wurin tsaga katako, da maƙera, da bargar dawakai, da ɗakin wanki da na gashin burodi, kafin ka taka ko da matakala ɗaya ta ɓangaren iyayen gida. A shagon kafintan na daɗe a tsaye. Ga zarto da kurfi da guduma jere a bango, ƙotocinsu sun yi sulɓi saboda gumin hannu, ƙamshin katako bai bar ɗakin ba. Tun kafin mu ga gidan mun riga mun ga hannayen da suka riƙe shi, kuma a ganina wanda ya tsara hanyar nan ya san abin da yake yi.

Tarihin ginin a taƙaice shi ne: wani mai suna Joshua Edisbury ya gina shi tsakanin 1684 da 1687, bashi ya yi masa katutu har gidan ya suɓuce masa. Wani lauya daga Landan, John Meller, ya saye shi, ya faɗaɗa shi, ya cika shi da kaya masu tsada. Da ya rasu a 1733 ba shi da ɗa, sai gidan ya faɗa hannun ɗan 'yar'uwarsa, Simon Yorke. Zuriyar Yorke ta zauna a ciki shekara 240, kuma duk magidantan da suka gaji juna, in ba Simon ba to Philip ne. An san su da rashin zubar da kaya, komai tsufansa. Abin da suka tara ya kai kusan guda 30,000, daga gadon alfarma har zuwa tsofaffin kekuna da rasiɗai.

Ɗakin cin abincin barori shi ne ya kawo mu. Tsakanin 1791 da 1796, Philip Yorke na farko ya ɗauko wani mai zane daga Denbigh, John Walters, ya sa shi ya zana ma'aikatan gidan da fenti, kamar yadda ake zana masu sarauta. Shi kuma maigidan ya tsara wa kowanne baitoci aka rubuta a jikin zanen. Ga Jack Henshaw mai kula da namun dajin gandu. Ga Edward Prince kafinta. Ga William Williams maƙeri. Wadda ta fi riƙe ni ita ce Jane Ebbrell, mai shara da kakkaɓe yanar gizo, wadda aka zana a 1793 tana da shekara 87. Tana zaune, kayan shararta na kusa da ita, fuskarta ta wadda ta ga jiya ta ga yau. A 1830 Simon Yorke na biyu ya ƙara wasu uku, ciki har da Thomas Pritchard mai lambu da Thomas Rogers kafinta, wanda ya yi wa gidan aiki sama da shekara 70. Da kyamara ta zo, aka koma ɗaukar hoto, baitocin kuma ba su tsaya ba har farkon ƙarni na 20.

"Kawu, dubi hannun nan," in ji 'yar tawa, tana nuna mini ɗaya daga cikin zanukan. "Mai zanen bai ƙware sosai ba, amma ya kalli mutumin da kyau kafin ya zana shi."

Gaskiyarta ne. Ba gwanintar fenti ke kai mutane ɗakin nan ba. A babban ɗakin cin abinci na sama akwai hotunan iyayen gida waɗanda ƙwararru suka zana, amma ban ga an yi cincirindo a gabansu kamar yadda aka yi a gaban mai shara ba.

Akwai wani zane na daban, na wani matashi baƙar fata riƙe da ƙahon busa, wanda aka ce yaron keken dokin John Meller ne. Baitocin da Philip Yorke ya ƙara masa daga baya sun nuna cewa ko a lokacin an manta kusan komai game da shi. Sun ambaci William Wilberforce, ɗan majalisar da ke fafutukar hana cinikin bayi a shekarun, cinikin da Birtaniya ba ta haramta ba sai a 1807. Kowa a bangon nan da sunansa da shekarunsa da sana'arsa, shi kaɗai ne aka bari da launin fata da ƙaho. Na tsaya a gabansa har waɗanda ke bayana suka fara gewaye ni.

Wata dattijuwa 'yar sa-kai da ke tsaron ɗakin ta lura da ni, ta matso muka gaisa. Na ce mata lallai mutanen gidan nan sun riƙe barorinsu da mutunci. Ta ce haka ne, da yawa sun tsufa a nan, 'ya'yansu sun gaje su a aiki, amma albashin Erddig bai kai na wasu manyan gidaje ba. Daga nan ta ba ni labarin Ellen Penketh, kukun gidan, wadda a 1907 aka zarga da satar fam 500 na kuɗin cefane da biyan 'yan kasuwa. Aka gurfanar da ita a kotu, kotu ta wanke ta, amma aikin ya riga ya tafi. Na sake bin bangon da ido, ban ga hotonta a cikin waɗanda aka karrama ba. Wannan ne ya sa nake ganin gidan tarihi irin wannan ba ya cika sai da mutum mai baki a cikinsa. Baitocin duk muryar maigida ce, shi ya zaɓi wanda za a zana, shi ya zaɓi abin da za a faɗa a kansa. Labarin Ellen kuwa daga takardun shari'a da littattafan lissafi aka tono shi, kuma da dattijuwar nan ba ta buɗe baki ba, da na fita da rabin magana.

A wani ɗaki kusa da nan an shimfiɗa takardu da fensira a kan dogon tebur, yara na zaune. Aikin da aka ba su shi ne kowa ya zana wani da ke yi masa hidima kullum, ya rubuta masa layi biyu ko uku a ƙasa. Wani yaro ya zana direban motar makarantarsu, da sitiyari wanda ya fi direban girma. Wata ta zana kakarta tana guga. 'Yar tawa ta ja kujera ta zauna a cikinsu, tana nuna wa wani yadda ake fitar da yatsu. Darasin tarihin da na fi yarda da shi ke nan a duk yinin, domin yaran sun yi abin da mutanen Yorke suka yi, da hannunsu, kuma dole kowa ya tsaya ya yi tunanin wa ke ɗauke da nauyinsa.

Ɓangaren sama mun ratsa shi da sauri. Akwai gadon alfarma na wajen 1720 mai labulen siliki na ƙasar Sin, akwai manyan madubai da ɗakin ibada. Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayanin yadda gidan ya kusa rushewa. Haƙar kwal da aka yi a ƙarƙashinsa daga mahaƙar Bersham ta sa wani gefensa ya nutse da kimanin ƙafa 5, bango ya tsage, ruwan sama na zuba cikin ɗakuna. Philip Yorke na uku, na ƙarshe a zuriyar, ya zauna a ciki babu wutar lantarki, yana tara ruwan da bokitai. A 1973 ya miƙa gidan ga ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, bisa sharaɗin kada a fitar da komai daga cikinsa. Hukumar kwal ta ƙasa ta biya diyyar fam 120,000, aka yi shekara 4 ana gyara, aka buɗe shi ga jama'a a 1977.

Lambun ma a lokacin ya zama kurmi, tumaki ne ke kiwo a cikinsa. Abin da ya taimaka wajen dawo da shi wani tsohon zane ne na Thomas Badeslade, na wajen 1740, wanda ya nuna gidan da lambun kamar daga sama ake kallonsu. Da shi aka gane inda hanyoyi suke, da inda aka jera itatuwa, da yadda dogon tafkin da ke tsakiya ya miƙe daga gaban gida. Yawancin lambuna masu irin wannan tsari na layi-layi an rushe su a ƙarni na 18, lokacin da yayin filin ciyawa mai kama da daji ya shigo. Na Erddig ya tsira a cikin katangarsa.

A jikin katangar bulo mai fuskantar rana muka tarar da wani dattijo da almakashin lambu da baro, wasu masu koyo su huɗu na kewaye da shi. Itatuwan tuffa ne aka horar da su su kwanta a bango, rassansu a miƙe dama da hagu, hawa-hawa, kamar an shanya su a kan igiya. Ya ce bulo na shan zafin rana da yini ya sake shi da dare, shi ya sa 'ya'yan ke nuna da kyau a ƙasa mai sanyi. Ya kama wani reshe ya nuna mana ido biyu: ɗaya siriri, manne da reshen, wannan ganye zai fitar, ɗaya kuma mai kauri da ɗan gashi-gashi, wannan shi ne furen baɗi. Wanda bai bambance su ba, in ji shi, zai datse amfanin shekara guda da hannunsa. Sannan ya sunkuya ya nuna mana wani ƙulli a gindin itacen, ɗan sama da ƙasa kaɗan, inda aka yi masa aure. Ƙwallon tuffa ba ya haifar da irin uwarsa, don haka duk tsohon irin da ake so ya ɗore, sai an yanko reshensa an ɗaura a kan wani gindi. Ma'ana kowane iri da ke lambun nan ya iso yau ne saboda wani ya yanka ya ɗaura, wani ya sake yanka ya ɗaura, tun zamanin su Thomas Pritchard da ma kafinsu.

Ana noma iri sama da 180 na tuffa a Erddig, kuma da yake kaka ce an baje da yawa a kan tebura, kowanne da sunansa a kati. Wasu jajaye, wasu kore, wasu fatarsu garas-garas ruwan ƙasa, wasu na ci ɗanye, wasu sai an dafa. Mutane na zuwa da tuffa daga tsofaffin itatuwan bayan gidajensu a leda, suna neman a faɗa musu sunan irin. Na ga wata mata ta miƙa guda uku, mai duba su ya juya ɗaya, ya leƙa gindinsa, ya tsaga shi biyu ya kalli yadda ƙwallayen suka kwanta, ya ɗanɗana, sannan ya buɗe littafi.

Da la'asar muka gangara cikin gandu don ganin aikin William Emes, wanda ya tsara filin a shekarun 1770. A kan wani rafi ya gina faffaɗan da'ira ta dutse mai rami a tsakiya. Ruwa na malalowa a kanta, ya faɗa ramin, ya fito ta wani bututu a ƙasa, ta haka rafin ke sauka daga tudu ba tare da ya zaizaye gaɓarsa ba. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kafa wani famfo kusa da wurin, wanda ba ya shan mai ko lantarki. Ruwa ne ke gangarowa da ƙarfi cikin bututu, wani murfi ya rufe farat ɗaya, ƙarfin karon ya tura ruwan wani marmaro zuwa kan tudun da gidan yake, ruwan da ya yi turin kuma ya koma rafi. 'Yar tawa ta zauna a bakin wurin ta zana da'irar a littafinta, ni kuma na yi ta bin bututun da ido ina lissafin tsawon tudun da ruwan ke hawa. Daga nan muka bi gefen kogin muka koma Wrexham, muka riski jirgin yamma.