Daƙiƙa casa'in a hanyar Lagdo

Watan Afrilu a Garwa ba watan tafiya ba ne. Kafin hantsi rana ta gama gasa kwanon ɗaki, ruwan randa ma sai ka ji shi kamar an ɗora a wuta. Amma kawuna da ke sayar da bandar kifi a Lagdo ya aiko cewa ƙafa ta kayar da shi, Inna kuma ba ta barin irin wannan saƙo ya kwana. Da asuba ta ɗaure min kuka da daddawa da wani ƙullin magani, na hau mashin daga Yalwa zuwa tasha.

Motar irin ƙananan nan ce da aka ƙera wa mutum biyar. Mu takwas muka shiga, ban da yaron mota da ya naɗe a but tsakanin buhun gishiri da jarkoki. A gefena wata Hajiya ce mai saro kifi, tun kafin a tayar da mota ta fara faɗa kan kuɗin kaya. A ɗaya gefen wani dattijo ne siriri mai farin tabarau, ya rungume jakar fata da ta sha jiki. Gaba kuma wani ɗalibi, kansa a cikin waya. Da muka hau gada na leƙa Binuwai, duk ya janye ya bar yashi fari fat, masu wanki da masu ɗibar yashi sun cika inda ruwa ke ambaliya da damina.

Mun bar babban titin Gaundare mun karya hagu ba da jimawa ba sai ji muka yi fam! Tayar baya ta fashe, salansa kuma ta saki tana jan ƙasa. Muka fito muka rarrabu a gindin wata tsamiya. Jak ɗin direba ya ci ya tsufa, sai aka tokare shi da dutse, yaron ya cire riga ya ja ciki ya shige ƙarƙashin motar da guntuwar waya a baki. Duk sanda ya ja wayar sai motar ta yi rawa a kan dutsen. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, yaron nan akwai zuciya."

Dattijon ya ce, "Zuciya ko rashin sani, Hajiya? A tambaye shi ko ya san nauyin abin da ke kansa."

Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, tunda dai ya shiga."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ba ɗaya ba ne, kuma shi ya zauna a garin da aka yi wannan gardama da rayukan mutane. Ashe tsohon injiniyan lantarki ne. Yana saurayi aka ba shi gurbin karatu a Tarayyar Sobiyet, kuma yana Kiyef, babban birnin Yukren, a 1986, shekarar da tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe, kilomita ɗari ko sama da haka kaɗan daga ɗakin kwanansa.

Abin da ya fara lura da shi, in ji shi, motocin haya ne. Ranar Lahadi 27 ga Afrilu ya fito ya tarar bas sun yi ƙaranci a gari, ba wanda ya san dalili. Ashe an kwashe su, sama da dubu, an tafi kwaso mutanen Pripyat, garin ma'aikatan tashar, kusan mutum dubu 50. An ce musu su ɗauki takardu da kayan kwana uku kawai. Har yau ba su koma ba. Tukunya ta huɗu, ɗaya daga cikin inda ake dafa makamashin nukiliya a tashar, ta fashe tun ƙarfe 1:23 na daren Asabar 26 ga wata, amma hukuma ba ta ce uffan ba sai da na'urorin wata tashar nukiliya a Suwidin suka kama burbushin gubar nukiliyar da ta watsu a iska ranar Litinin. Su ɗaliban Afirka a gidajen rediyon waje suka fara jin gaskiyar magana, da dare, an rage murya. Ranar 1 ga Mayu kuma aka fito da yara faretin ranar ma'aikata a tsakiyar Kiyef kamar ba abin da ya faru. Daga baya ne aka shiga wanke tituna da ruwa safe da yamma, aka kuma fitar da yaran makaranta daga garin. Jita-jita ta bazu cewa jan giya na wanke gubar. Ya yi murmushi ya ce, "Mu dai shayinmu muka riƙe."

Sai ya dawo kan maganarsa. Waɗanda suka fara isa wurin 'yan kwana-kwana ne, samari, a ƙarƙashin wani laftana mai suna Vladimir Pravik. Gobarar rufi aka ce musu. Suka hau da rigunan aikinsu na kullum, suna taka wasu baƙaƙen duwatsu masu zafi da suka warwatsu ko'ina, ba su san cewa 'ya'yan cikin tukunyar ne suka zubo ba. Ita wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, sai dai wasu sun ce sun ji ɗanɗanon ƙarfe a baki da tsikari a fuska. Kafin gari ya waye sun kashe wutar da ke neman tsallakawa tukunya ta uku, sun kuma fara amai. Aka kai su asibiti mai lamba shida a Mosko, inda fata ta riƙa saɓulewa daga jikinsu. Mutum 134 aka tabbatar gubar ta kama sosai, 28 daga cikinsu suka mutu cikin 'yan watanni. Gawarsu ma ta zama abin gudu, sai a akwatin ƙarfe aka rufe su aka zuba kankare.

Hajiya ta saki salati. Ta ce, "Alhaji, ba wanka, ba kowa ya taɓa?" Ya girgiza kai. Duk cikin labarin wannan ne ya fi tsaya mata, na ga ta daɗe tana jan carbi ba ta ƙara cewa komai ba.

Waɗannan, in ji dattijon, bashin da ake bin hukuma ne, don ba a gaya musu ba. Waɗanda shi yake cire wa hula su ne na bayansu, da suka ga abin da ya sami na farko kuma suka tafi. Matuƙan jirage masu saukar ungulu da suka riƙa tsayawa daidai bakin ramin da fashewar ta bari suna zuba yashi da dalma da yumɓu, kusan tan dubu 5. Mahaƙa kwal kimanin 400 da aka kwaso daga Tula da Donbas, suka haƙa rami a ƙarƙashin tukunyar cikin zafin da ya sa wasu suka tuɓe riguna. Da wasu ma'aikatan tashar su uku, Ananenko da Bespalov da Baranov, da suka shiga cikin ruwa a ƙasan ginin da fitila a hannu suka buɗe bakin bututu don a zuƙe ruwan kafin narkakken abin da ke cikin tukunyar ya iske shi. Ɗalibin nan ya ɗago kai daga waya ya ce ai ya ji duka ukun sun mutu cikin mako biyu. Dattijon ya ce ƙarya ce aka yi ta yaɗawa, duka sun fito da ransu, Baranov ma sai 2005 ya rasu. Ya ce mutane ba sa son jarumi mai rai, sun fi son wanda za a yi wa kuka.

Inda ya fi daɗewa shi ne rufin. Tarkacen da ke sama dole a mayar da su cikin ramin kafin a rufe ginin. An kawo na'urori masu sarrafa kansu, har da wadda aka sayo daga Jamus, gubar ta lalata musu ƙwaƙwalwa suka tsaya cak. Sai aka koma kan mutane, sojoji da waɗanda aka kira daga gida, sama da dubu 3. A ɗaura wa mutum faifan dalma a ƙirji da baya, a ba shi shebur, a nuna masa a talabijin inda zai tsaya. In aka buga ƙararrawa ya fita a guje, ya kwashi shebur biyu ko uku ya watsa cikin rami, in ƙararrawa ta sake kaɗawa ya jefar da komai ya dawo. Daƙiƙa casa'in ne abin da aka yarda mutum ya yi, a wani wurin ma bai kai haka ba. Ya tashi tsaye a gindin tsamiyar nan ya gwada mana da sandarsa, yadda ake tura shebur da nauyi a wuya ba tare da ka leƙa ramin ba. Tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, da babbar riga, yana kwasar iska yana watsawa cikin gonar auduga da aka girbe. Ba wanda ya yi dariya.

Ni kam a nan na so in yi masa gardama, kuma har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Sojan da aka kira da takarda a zamanin Sobiyet, ina ya ga bakin cewa a'a? Na faɗa masa haka. Ya ce gaskiya ne, wasu dole ce ta kai su, amma dole tana kai mutum bakin ƙofa ne kawai, ba ita ke cika shebur ba. Ban gamsu duka ba, na dai yi shiru don girmansa.

Ɗalibin ya kawo zancen Japan, da girgizar ƙasa da igiyar ruwan teku da suka afka wa tashar Fukushima ranar 11 ga Maris 2011. A nan dattijon ya saki fuska, abin ya zo gidansa. Ya ce wuta ta ɗauke gaba ɗaya a tashar da aikinta ba da wuta, har ma'aikata suka riƙa ciro baturan motocinsu suna haɗawa don su karanta awon tukwane cikin duhu. Shugaban tashar, Masao Yoshida, da aka ba shi umarni daga Tokiyo ya dakatar da zuba ruwan teku, sai ya amsa da to a baki, ya raɗa wa mutanensa su ci gaba. Abin da ya fi burge shi kuwa tsofaffin injiniyoyi ne da suka yi ritaya, su ɗaruruwa, da suka miƙa kansu a tura su maimakon samari, wai kafin ciwon daji ya nuna a jikinsu dama kwana ya ƙare. Ya buga ƙirji ya ce, "Da ni ne da na rubuta sunana." Hajiya ta ce, "Da matarka ta yage takardar."

Can yaron ya fito daga ƙarƙashin mota, bayansa duk ƙasa, salansa ta ƙona shi a gefen kunne. Direba ya lakato baƙin mai ya shafa masa, ya daka masa tsawa ya tattara kayan aiki. Da aka zare jak sai dutsen ya rabe gida biyu. Dukanmu mun gani, ba wanda ya yi magana. Hajiyar da ta yi ta faɗa kan kuɗin kaya ta kwance bakin zani ta miƙa masa dala ɗari.

Mun isa Lagdo bayan azahar. Dattijon ya sauka kusa da madatsar ruwan da ke ba da lantarki, wurin wani tsohon abokin aikinsa, yana nuna min ta da sanda: 'yan Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, injin huɗu, su ke haska Garwa da Marwa. Ko sunansa ban tambaya ba, sai da mota ta tashi na tuna.

Kawu na same shi da sauƙi, ƙafar ta kumbura amma baki bai mutu ba, har ya aika aka gasa min karfasa. Da magariba na gangara bakin tafki, masunta na jawo kwalekwale, hayaƙin banda ya lulluɓe ko'ina. Na tsuguna zan yi alwala sai na cire agogo na ajiye a kan dutse ina kallonsa. Ina shafar kai daƙiƙa casa'in ta cika, ban kai ga ƙafafu ba.