Abin da bulok na 1 MB ya ja mini

Ranar juma'a na miƙa makullin ɗakin sarba, shekara huɗu ke nan cif a servis ɗin. Waɗanda muka yi aiki tare sun san zancen kaset ɗin nan na ajiyar bayanai da ya ƙi karantuwa, amma tunda kowa ya ji shi daga bakin shef ne, bari ni ma in faɗi nawa.

Da na zo, sobgad ɗin dare, wato kwafar bayanan sarba a kan kaset, da lojisiyel ɗin tar ake yin shi yadda ya zo, bulok (yawan abin da ake rubutawa a ɗauka ɗaya) 20 sau bait 512, wato 10 KB. Mashin ɗin da ke rubuta kaset kuwa LTO-5 ne, wanda ke iya shanye 140 MB a sakan ɗaya. Ka ba rakumi ruwa a cokali. Shi LTO in bayanai ba su iso mishi da sauri ba sai ya tsaya, ya yi baya, ya sake tasowa, kamar taksin Yamai mai neman fasinja, kuma hakan na cinye kaset da kan mashin ɗin mai rubutun. Har safe ake iske aikin bai ƙare ba.

Sai na sa wa tar -b 2048, wato 2048 sau 512, bulok ya koma 1 MB, na haɗa da mbuffer a gaba, mai tara bayanai a memuwar kafin su isa kaset. Wallahi kafin ƙarfe biyu na dare an gama. Shef ya kai zancen reniyo yana cewa "mun gyara", ban ce komi ba.

Abin da ban yi ba shi ne gwada maido da bayanan a wani mashin dabam. A wanda ya rubuta na gwada, ya karanta lafiya lau, na kwanta barci.

Watan Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, kilim ɗin da na yi rapor uku a kanshi ya mutu, sarba ya bi shi. Muka ɗauko tsohon ordinatar na ajiya, ashe kart ɗinshi da ke haɗa shi da mashin ɗin kaset ba ya wuce 64 KB a ɗauka ɗaya. Kaset na nan, bayanai na ciki, amma ya ƙi karantawa, sai cewa yake memuwar bai isa ba. Kwana uku ina kwana a biro har wani abokina ya ara mini kart. Albashin mutane ya makara, ana ta kallona a masallaci. Shef a gaban diraktar ya ce "Malam, wa ya ba ka izinin taɓa abin nan?" wannan "mun" ɗin ya ɓace, rapor ɗin kilim kuwa ba wanda ya tuna da su.

Laifina na ɗauka, rabin da ke nawa.

Ƙanena da zai gaje ni, 256 KB na bar maka, -b 512, saurin kusan ɗaya ne kuma sabon kart ɗin ajiya na karanta shi, na gwada. Ka rubuta girman bulok a jikin kowane kaset da marka. mt setblk 0, wanda ke barin mashin ya karɓi bulok kowane girma, kar ka taɓa. In shef ya ce ka sake wani abu, ka ce ranka ya daɗe a turo mini a mel, ka buga shi a takarda ka kai gida.