Na gama, kuma ga waɗanda nake bin sawunsu da godiya

Salamu alaikum jama'a. Jiya na yi difens ɗin furojet ɗina, wato na kare binciken kammala karatuna, Alhamdulillah an sa hannu, karatun da aka ce shekara 4 ne sai da ya ci 6 saboda korona da yajin aikin malaman jami'a na wata 8 ɗin nan na 2022. Tun daren jiya nake son rubuta wannan amma kuka ya hana ni.

Baba, Allah Ya saka da alheri. Kai ne ranar da ƴan uwa suka ce wai na tafi karatun mahaukata ka ce su bar ni. Har yau wasu ba su gane me muke karanta ba, to ga shi a taƙaice, muna koyon yadda halin da zuciyar mutum take ciki yake ɗaure da gidansu da unguwarsu da abin da ke aljihunsa, ba ka raba su. Akwai wata dala mai hawa 4 da ake koya mana daga ƙa'idojin da hukumomin agaji na duniya suka fitar a 2007, can ƙasa abinci da ruwa da tsaro, sai dangi da maƙwabta, sai irinmu masu zama mu saurari mutum, likitan ƙwaƙwalwa yana can ƙololuwa kuma mutane kaɗan ne suke buƙatar kaiwa gare shi. Na haddace ta tsaf don jarrabawa, ashe ban gane ta ba.

Wadda ta fara ganar da ni wata dattijuwa ce ƴar Bama da muke kira Kaka, a sansanin ƴan gudun hijirar da na yi aikin fili na bincikena. Na je da takardar tambayoyi mai shafi 5 ina ta fama, mata sai kallona suke suna cewa lafiya lau, sati biyu ba abin da na samu. Kaka ta kama hannuna ta zaunar da ni cikin masu ɗinkin hula ta miƙo min allura ta ce ajiye biron nan ƴata. To fa a nan ne, hannu yana aiki ido yana kan zare, mace za ta fara cewa ita barci ba ya ɗaukarta, ko ƙarar Keke Napep ta ji sai gabanta ya faɗi, wata ta ce tunani ne ya sa mata hawan jini. Ba wadda ta taɓa cewa tana da ciwon damuwa, kalmar ta mu ƴan boko ce. Kaka ba ta Facebook amma zan kai mata turare da kaina in sha Allah.

Sai ga 10 ga Satumba 2024, dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare, ruwa ya shigo mana unguwar Gwange a Maiduguri muka fita da kayan jikinmu kawai, laftof ɗina da littafin da na rubuta hirarrakin wata 3 duk suka tafi. Muka kwana a Bakassi, sansanin da aka rufe tun 2021 aka sake buɗewa saboda mu. Ni mai zuwa tambayar ƴan gudun hijira yau ga ni a layin abinci, wallahi a ranar nan, da a ce wani ya zo min da takardar tambayoyi da na zage shi. Ruwan sha nake so da labarin ƙanena da muka rabu a hanya, sai da ya bayyana da yamma na iya haɗiye loma.

Malama sufabaiza ta, ke kika kira ni sau 3 ba ki ko ambaci furojet ba, sai dai kun ci abinci? ina Inna? Daga baya kika tono tsohon kwafin da na taɓa turo miki ta imel kika ce mu ɗora daga nan. Allah Ya raya miki zuri'a.

Ƴan gurup ɗinmu na WhatsApp da kuka yi min karo-karo na sayi laftof na hannu, na san wasunku kuɗin hand'awut suka bayar, ba zan kira suna ba don kar na manta wani. Yaya da ya riƙa kai ni sansani yana jira a rana, Inna da addu'ar asuba, na gode na gode.

Walima ranar Asabar bayan la'asar a gida, ba wani abu babba ba ne, shinkafa ce da zoɓo, wanda ya zo da wuri shi zai samu nama.