Ba a gina rumbu a kasuwa

A watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙin Sudan ya iso garin Wad Madani, na ɗauko iyalina a bayan wata motar kaya muka nufi Sinnar, daga can muka zagaya har Gadarif, inda nake zaune yanzu. Ba mu yi nisa da gari ba muka tarar da shinge, masu bindiga suka ce kowa ya miƙo wayarsa, ni ma na miƙa tawa ba musu, domin a irin wannan wuri wanda ya tsira da ransa shi ya ci riba. Sai da muka sami wurin kwana, yara suka yi barci, sannan na fara lissafin abin da ya tafi tare da wayar nan. Wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa nake rubuto muku, ƙannena da tsofaffin ɗalibaina, musamman waɗanda Allah ya ba son rubutu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka zan faɗi kurakuraina yadda suke.

Tun 2012 nake rubutu a dandalin sada zumunta, kuma mafi yawan abin da nake rubutawa tarihin mutanenmu ne. Ni jikan mutanen garin Maiwurno ne. Kakata ta wajen uwa a can aka haife ta, mahaifiyarta kuwa tana yarinya ta biyo ayarin da ya yi gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 kuma sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a har bakin kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, inda garin ya ɗauki sunansa. Wannan kowa zai iya samunsa a littafi. Abin da ba a samu a littafi shi ne abin da ke bakin kakata: sunayen rijiyoyin da aka yada zango, garin da ayari ya tsaya ya yi noman damina guda kafin ya ci gaba, wanda aka haifa a hanya da wanda aka binne a hanya, da waƙar da mata ke yi in suna daka a ƙasar da ba su jin harshenta. Na ɗauki muryarta sau da yawa kafin ta rasu a 2017, na kuma ɗauki ta wasu dattawa da suka yi tsintar auduga a gonakin Jazira suka zauna a kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, duk na ajiye a waya, abin da na fitar daga ciki kuma na zuba shi a dandali.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki dandalin nan a matsayin rumbuna. Layin da na buɗe asusun da shi ba da sunana aka yi masa rajista ba, da sunan wani kawuna ne da ya daɗe da barin ƙasar. Kalmar sirri na manta ta tun shekaru, tunda wayar ba ta taɓa tambayata ba. Ban haɗa asusun da imel ba, ban taɓa sauke kwafin rubuce-rubucena ba, alhali akwai wurin da aka tanada domin yin haka, kuma na san da shi. Wanda wayar ta faɗa hannunsa ya shiga aika wa abokaina saƙon roƙon kuɗi da sunana, su kuwa da suka gane ba ni ba ne suka kai ƙara aka rufe asusun, kuma sun yi daidai. Ta haka rubutun shekara goma sha ɗaya ya tafi, muryar kakata ta bi shi. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, domin sakaci nawa ne tun daga tushe.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, cikin ɗan kayan da matata ta tattara ranar da muka fito akwai gafakar kakana. Fata ce da ta yi baƙi don tsufa, a cikinta akwai warƙoƙi da ba a ɗinke ba, an rubuta su da tawadar zige, wasu da Larabci wasu da ajami, gefensu ya gutsure amma ana karanta su sarai. A ƙarshen wata waƙar wa'azi mai kwafin ya sa tammat, ya roƙa wa kansa da iyayensa gafara. Waɗannan takardu sun ƙetare Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan a kan jaki da kan mutum, sun ga fara da ruwan sama da gara, sun kuma tsallake shingen da wayata ba ta tsallake ba, don babu wanda ya ga abin kwaɗayi a tsohuwar fata. Ba don takarda ta fi waya ƙarfi ba ne. Malamanmu na da ba su barin abu ya zauna a hannu ɗaya: almajiri ya kwafa daga malaminsa, ƙaninsa ya kwafa daga gare shi, in kwafi ɗaya ya ƙone a wannan gari akwai wani a wancan. Ni da nake taƙama da ilimin zamani na bar komai a wuri guda, wurin ma na aro. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Kada ku ce wannan sai a lokacin yaƙi. An rufe dandalin Google+ a 2019 duk da girman kamfanin da ya kafa shi, kuma a shekarar ce dandalin MySpace ya sanar cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora na tsawon shekara goma sha biyu sun salwanta. Mu a Sudan ma ba mu bukatar misali daga nesa. An yanke intanet na wayar hannu kusan mako biyar daga farkon Yuni na 2019, an sake yankewa fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, sannan a Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a mafi yawan ƙasar. A karo na farko da na biyu duk ina Madani, na zauna ban iya duba ko layi ɗaya na abin da na rubuta da hannuna ba, amma ban ɗauki darasi ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, domin shi a hankali ya ci ni. Da farko nakan rubuta labari cikakke, in faɗi wanda ya ba ni shi da inda muka zauna. Sai na lura dogon rubutu ba ya samun laik, gajere mai zafi kuwa kafin in sha shayi ya tara ɗaruruwa. Na fara datse labarai, ina cire wurin da dattijo ya yi shakka ko ya ce wani ya faɗa masa daban, ina barin abin da zai sa mai karatu ya ji alfahari ko haushi. Na tuna wata la'asar a Maiwurno, kakata na zaune a kan gadon angarib ƙarƙashin rumfa, tukunyar gahawa na kan gawayi, tana ba ni labarin wata rijiya da aka yi rikici a kanta a hanyar Abeshe. Wayata ta yi ƙara, na duba, wani ne ya musanta abin da na rubuta da safe, na shiga ba shi amsa. Da na ɗago kai ta yi shiru tana kallona, ta ce, “Ɗan nan, in ka gama da mutanen cikin madubin sai ka dawo.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, ci gaba.” Ta ce ta gaji. Ba mu sake komawa kan rijiyar nan ba, kuma yau ko sunan mutumin da na yi musu da shi ban riƙe ba.

Na uku shi ne wanda nake neman gafarar Allah a kansa. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ kan sarauta da ƙasa, ya shafi Hausawa da maƙwabtansu a wajen Rusairis da Damazin, aka rasa fiye da mutum ɗari, ya kuma sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Muna da dangi a can, zuciya ta yi zafi, kuma kalaman da ake jifanmu da su na cewa mu baƙi ne bayan kakanninmu sun shekara fiye da ɗari suna noma ƙasar nan ba masu sauƙin haɗiyewa ba ne. Cikin dare wani ya turo mini hoton gidaje suna ci da wuta, na ɗora shi nan take tare da maganganun da ba zan maimaita ba, na yi wa ƙabila guda kuɗin goro. Washegari aka nuna mini cewa hoton tsoho ne, daga wata ƙasa ma. Na goge, amma magana zarar bunu ce, an riga an kwafa an yaɗa. Akwai wani abokin aikina malamin lissafi ɗan wancan yanki, wanda muka shekara bakwai muna cin waken ful a kwano ɗaya lokacin kalaci. Bai ce mini komai ba, sai dai ya daina zama inda nake. Na je har gidansa na ba shi haƙuri, ya karɓa da mutunci, amma kwanon bai sake haɗa mu ba.

Daga baya na fahimci yadda na'urar ke aiki. Ba a jere take nuna wa mutum abin da abokansa suka rubuta ba, tana zaɓar abin da ya fi sa a taɓa, a mayar da martani, a tura gaba, saboda tsawon zamanka a ciki shi ake sayar wa masu talla. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna akwai lokacin da alamomin motsin rai, har da ta fushi, ke da nauyin laik biyar a wannan lissafi. Sanin haka yana da amfani, amma ba ya wanke ni, tunda yatsan da ya danna nawa ne.

Ba cewa nake ku ƙaurace wa dandalin gaba ɗaya ba, kuma duk wanda ya ga yaƙin nan ba zai ce haka ba. Ta WhatsApp muka gano inda ƙanwata take bayan mako uku ba labari, ta nan matasa masu ɗakunan agajin gaggawa da masu dafa abincin sadaka na takiyya suka riƙa sanar da inda ake bukatar magani da hatsi. Kasuwa ce, kuma kasuwa dole ce. Amma mai hankali yakan je ya sayi abin da ya kai shi, ya gaisa da mutane, ya koma gida kafin magariba, ba ya kwashe hatsin shekara ya jibge a rumfar da ba tasa ba.

Yanzu nakan shiga sau biyu a mako, bayan sallar isha'i, na kashe ƙararrawar sanarwa, na fita daga zaurukan da ba a yin komai sai gardama. Abin da ya ɓata mini rai ba na amsa shi sai ya kwana, kuma mafi yawansu in gari ya waye ba na ganin sun cancanci amsa. Sauran lokacin na mayar da shi ga littafin rubutu mai bango mai kauri da na saya a kasuwar Gadarif. A nan nake fara komai da biro. A saman kowane labari ina sa kwanan wata, da wanda ya faɗa mini, da garinsu, da ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, in kuma mutum biyu sun saɓa ina rubuta duka biyun ba tare da na zaɓar wa mai karatu ba. In labari ya kammala sai in buga shi a waya, in ajiye kwafi a katin memori da ba ya zama cikin wayar, in aika ɗaya ta imel ga ɗan'uwana da ke Jidda, in kuma na sami kuɗi in fitar da shi a takarda a shagon kwamfuta. Layina na yanzu da sunana yake, kalmar sirri kuma tana rubuce a inda matata ta sani. Ina roƙonku ku yi waɗannan a makon nan, ko da abin da kuke da shi hotunan biki ne da muryar mahaifiya.

Ku shirya wa abu ɗaya mai ɗaci: masu karatu za su ragu ƙwarai. A da ɗaruruwa ke taɓa rubutuna, yanzu waɗanda ke karanta shi har ƙarshe ba su wuce ashirin ba, kuma watannin farko na ji kamar na mutu an manta da ni. Sai dai su ashirin ɗin nan sukan dawo da gyara. Wani ya ce ba a wannan shekara aka yi yunwar ba, wata ta ce kalmar da na sa Larabci ce, ga yadda tsofaffi ke faɗinta da Hausa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci gare mu, domin da yawa daga cikinku kuna jin Hausa a gida amma in za ku rubuta sai Larabci ya rinjaye, kuma gajeren saƙo ba ya tilasta wa mutum neman kalma, dogon rubutu ne ke yin haka.

A bakin tashar motoci akwai wani dattijo mai agashe da nake zama wurinsa ranar Juma'a bayan an sauko. Iyayensa ta hanyar Abeshe da Junaina suka shigo, shekaru da yawa bayan ayarin Mai Wurno. Na tambaye shi rijiyar nan ta kakata, ya juya tsinken nama a kan wuta, ya barbaɗa yaji, ya ce ya taɓa jin mahaifinsa na ambaton wata rijiya da aka yi faɗa a kanta, amma sunan ya kwanta masa, sai dai in yayarsa da ke Kasala za ta tuna. Na bar rabin shafi na 46 babu rubutu, na karɓi kwatancen gidanta.